Awa 42 daga inji zuwa inji: yadda aka kai mai ciwon ƙoda daga Daura zuwa Delhi

Mafarin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa maƙwabcina ne a Daura, ɗan shekara 54, mai sayar da hatsi. Alhaji muke ce masa, haka zan kira shi a nan. Hawan jini ya daɗe yana cin ƙodarsa a ɓoye, har aka wayi gari duka biyun sun tsaya. Lokacin da maganar tafiya ta taso ya yi wata goma sha ɗaya yana zuwa wankin ƙoda a wani asibiti a Katsina, kimanin kilomita 80 daga gida, duk Litinin da Laraba da Juma'a. Ana ɗora shi a inji ƙarfe takwas na safe, a sauke shi sha biyu na rana.

Fitsarin da yake yi a yini bai cika kofin shayi ba. Duk abin da ya sha, ruwa ne ko kunu ko romo, yana nan a jikinsa sai inji ya cire. Daga saukar Litinin zuwa hawan Laraba awa 44 ne. Daga saukar Juma'a zuwa hawan Litinin kuwa awa 68, kuma iyalinsa sun san daren Lahadi tun kafin su san lissafinsa: ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, barci sai da matashi uku. Likitocin ƙoda sun daɗe da lura cewa wannan dogon zango na ƙarshen mako shi ne mafi haɗari ga mai wanki, saboda ruwa yana taruwa ya kai ga huhu, sinadarin fotashiyam kuma yana hauhawa a jini har ya iya rikita bugun zuciya.

Ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce zai ba shi ƙoda. Ana dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 2002, kuma can suka fara nufa a ransu. Sai gwaji ya nuna rukunin jininsu bai zo ɗaya ba. Irin wannan dashe yana yiwuwa, amma sai an yi kwanaki ana rage garkuwar jikin mai karɓa kafin aiki, don haka likitansa ya ba da shawarar wata cibiya a Delhi da ta saba da shi. Dokar Indiya ta 1994 kan dashen sassan jiki ta tsananta a kan shaidar dangantaka tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, saboda haka takardu da biza suka ci Oktoba da Nuwamba. Alhaji ya sayar da gona ɗaya da shanu huɗu.

Disamba: lissafin farko

Ni malamin labarin ƙasa ne a sakandare. Wata yamma babban ɗan Alhaji, wanda zai yi musu rakiya, ya same ni a ƙofar gida.

"Baba Malam, Indiyar nan nisanta nawa ne a jirgi?"

Washegari na nuna masa a ƙwallon duniya na makarantarmu. Na ɗora bakin zare a kan Kano, na ja shi ya miƙe zuwa Delhi. Zaren ya bi ta Cadi, arewacin Sudan, Bahar Maliya, Saudiyya, ya gifta ta kusa da Doha, ya ratsa kudancin Iran da Pakistan. Wannan ita ce gajeriyar hanya a bayan ƙasa mai siffar ƙwallo, kuma tsawonta kusan kilomita 7,300 ne, ko daga Kano aka auna ko daga Katsina. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Na ce masa awa tara, in an yi jinkiri goma.

Ya kai wa mahaifinsa. Alhaji ya taɓa tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina zuwa Jidda, kilomita kusan 3,500 a zama ɗaya, sai ya ce: "Ashe Makka biyu ce kawai. Da sauƙi."

Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Katsina ko Kano ya dire Delhi kai tsaye. Jigilar alhazai abu ne na shekara-shekara, jirgi ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa. Sauran lokaci sai an yada zango a wata ƙasa an sauya jirgi. Yaron ya duba farashi a intanet, ya ga tikitin da ke tashi daga Legas ya bi ta Addis Ababa ya fi na Kano araha sosai, balle ga mutum uku. Ya saya. Sannan ya sayi wani tikitin daban, na wani kamfanin cikin gida, daga Kano zuwa Legas.

Nisan wannan hanya shi ne: Kano zuwa Legas kilomita 830, Legas zuwa Addis Ababa 3,900 da 'yan kai, Addis Ababa zuwa Delhi 4,550. Jimilla kusan 9,300, wato ƙarin kilomita 2,000 a kan zaren da na ja, kuma zangon farko baya ake yi, kudu maso yamma, alhali Delhi tana arewa maso gabas. A tikitin an rubuta tashi Lahadi 1:30 na rana, sauka Litinin 8:30 na safe. Yaron ya ce kwana ɗaya ne. An ba su ganin likita a Delhi ranar Talata goma na safe. Ba wanda ya nemi a ajiye wa Alhaji inji ranar sauka.

12 zuwa 15 ga Janairu: tafiyar da ta tsaya a Kano

Juma'a 12 ga wata aka sauke Alhaji daga inji a Katsina ƙarfe sha biyu na rana, ya koma Daura aka yi sallama da 'yan uwa. Asabar da safe suka kama hanyar Kazaure, kimanin kilomita 130 zuwa Kano. Hazo ya rufe gari, mota da rana tsaka tana kunna fitila.

Jirginsu na Legas na ƙarfe huɗu ne. Aka ɗaga zuwa bakwai, ƙarfe tara na dare aka soke, domin jirgin da zai ɗauke su bai iya sauka ba. Aka ce su dawo Lahadi bakwai na safe. Ƙanen Alhaji ya kawo shawarar su bi motar dare, amma Kano zuwa Legas ya kai kilomita dubu a ƙasa, ba yadda za a yi su isa kafin a rufe karɓar fasinja, ga kuma halin da mai jikin yake ciki. Suka kwana a masauki. Lahadi jirgin bai sauka ba sai bayan azahar, lokacin na Legas ya riga ya tashi. Da yake tikitin biyu ne na kamfani biyu da ba abin da ya haɗa su, kamfanin waje ya rubuta su a matsayin waɗanda ba su zo ba. Abin da aka mayar musu daga baya bai kai rabin kuɗin ba.

A kwana biyun nan abincin Alhaji ya fita daga hannun uwargidansa, wadda ta san awon gishirinsa da ruwansa. Ya ci abincin sayarwa, ya sha fura a filin jirgi saboda bushewar maƙogwaro, wani bawan Allah ya ba shi dabino ya ci, shi kuwa dabino cike yake da fotashiyam.

Ƙarfe ɗaya na daren Lahadi, awa 61 da barin inji, ya tashi zaune yana kokawa da numfashi. Ya riƙe hannun ƙanensa ya ce, "Ku kai ni, ƙirjina ya cika." Aka samu wani asibiti a Kano da ya karɓe shi, aka ɗora shi ƙarfe uku na asubahin Litinin, awa 63. Lita uku da rabi aka cire.

Na zauna daga baya na ɗora wannan lokaci a kan jadawalin tikitinsu. Da komai ya tafi daidai, ƙarfe ɗaya na daren nan jirginsu ya yi awa uku da rabi da barin Addis Ababa, yana wajen Tekun Arabiya, saura awa uku ya sauka. Saukar da ta kasance a awa ta 64. Ganin likita na ranar Talata da ya faɗo a awa ta 89 da rabi.

Janairu zuwa Maris: mako bakwai na gyara

Da ya koma wanki a Katsina, likitansa ya ji yadda aka tsara tafiyar, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya tambayi yaron awa nawa ya lissafa daga lokacin da aka cire wa mahaifinsa allura zuwa lokacin da za a sake soka masa a Delhi. Yaron ya ce, "Wallahi likita, daga tashin jirgi na ƙirga." Likitan ya gindaya iyaka: a nemi abin da bai wuce awa 48 ba, kuma ko me zai faru kada a kai 68.

Sai wata matsalar ta fito. Awon jinin Alhaji ya sauka zuwa 7.2. Kamfanonin jirage suna da fom ɗin lafiya da likita ke cikewa ga fasinja irin wannan, kuma da yawansu sukan tsaya bincike idan jini bai kai 8 ko 8.5 ba. Dalilin shi ne iskar cikin jirgi a sama ba irin ta ƙasa ba ce: matsinta daidai yake da na wurin da ke bisa tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, ita kuwa Daura tsayinta bai wuce mita 500 ba. Mai ƙarancin jini yana jin wannan ragin iskar oksijin fiye da kowa. Iyali suka ce a ƙara masa jini a huta. Likita ya ƙi, saboda ƙarin jini yana iya tayar da garkuwar jiki ta yadda za ta yaƙi ƙodar da za a dasa. Aka koma allurar da ke sa jiki ya ƙera jini da kansa, haɗe da sinadarin ƙarfe. Ba ta gaggawa. Sai a ƙarshen Fabrairu awon ya kai 9.1.

A makonnin nan ne na sake zama da yaron, wannan karon da takarda mai layi maimakon zare. Muka jera hanyoyin da suke tashi daga Kano. Ta Alƙahira: kilomita 3,100 da 4,400, jimilla 7,500. Ta Addis Ababa: 3,330 da 4,550, kusan 7,900. Ta Doha, wadda ke kan zaren kansa: 4,750 da 2,550, wato 7,300 cif. A kilomita, ta Addis Ababa ce ta ƙarshe. Amma da muka sa ranakun tashi da awowin jira na makon da muke so, sai ta koma ta farko, domin zangonta awa uku ne kacal, sauran biyun kuwa ko dai jiran ya yi tsawo ko ranar tashin ba ta dace da ranar wanki ba. Bambancin kilomita 600 bai kai tafiyar awa ɗaya a sama ba, jira kuwa yana iya cin rabin yini. (Ko waɗannan alƙaluma ma na miƙaƙƙiyar hanya ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage suke kauce wa sararinta, wanda ya nufi gabas daga Kano sai ya yi zagaye.)

Abu biyu suka ba mu aiki. Na farko agogo. Lokutan da ke jikin tikiti na garin da aka rubuta ne: Habasha tana gaban Najeriya da awa biyu, Indiya da awa huɗu da rabi. Muka ja layi biyu a takardar, ɗaya lokacin gari, ɗaya lokacin Daura, kuma da na Daura kaɗai muka yi ƙirge. Na biyu shi ne tsayin Addis Ababa. Filin jirgin Bole yana bisa mita 2,300 da wani abu, wato kusan daidai da iskar cikin jirgi. Mai lafiya zai ce ya sauka ya huta, amma huhun Alhaji ba zai sami hutu ba tun daga tashi Kano har sauka Delhi. Da likita ya ga haka sai ya rubuta a fom cewa a tanadi oksijin a jirgi da keken marasa lafiya a filaye ukun.

Sauran gyaran gajeru ne. Tikiti ɗaya daga Kano har Delhi, don idan jirgin farko ya makara nauyin sauyi ya hau kamfani. Ya fi na Legas tsada da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wankin ƙarshe a Kano, ba a Katsina ba, aka kama wuri tun mako biyu kafin ranar. Asibitin Delhi ya rubuto cewa ya ajiye inji ranar sauka, ya kuma nemi sakamakon gwajin ciwon hanta da sauran cututtukan jini. Aka duba katin rigakafin shawara na kowa, domin Indiya ba ta karɓarsa sai allurar ta kwana goma.

5 zuwa 7 ga Maris: tafiya ta biyu

Saura kwanaki kaɗan a kama azumi, hazo ya yi sauƙi. Talata 5 ga wata suka bar Daura da hantsi. Aka ɗora Alhaji a Kano ƙarfe biyu, aka sauke shi shida na yamma. Daga nan ƙirge ya fara.

Uwargida ta haɗo masa farar shinkafa da 'yar miya marar gishiri a kwano, da gora ɗaya mai cin rabin lita wadda ta ɗaure wa zare a tsakiya: zuwa zaren kafin Addis Ababa, ragowar kafin Delhi. Magungunansa suna jakar hannu. Hannun hagu, inda aka haɗa masa jijiyar wanki, ba a bar shi ya ɗauki ko leda da shi ba. Agogon hannunsa aka bar shi a lokacin Daura, yaron ya sauya na wayarsa.

Laraba suka isa filin jirgin Malam Aminu Kano goma na safe, awa 16. Jirgi ya tashi 1:30. Yaron yana riƙe da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini: a ƙasa ta nuna 97, da aka yi awa ɗaya a sama ta nuna 91. Alhaji ya ce ba ya jin komai sai nauyin kai, ba a buɗe oksijin ba. Da aka zo raba abinci ma'aikaciyar ta miƙa masa ruwan lemo, ƙanensa ya karɓe ya ce, "Yaya, wannan nawa ne, kai ga gorarka." Suka sauka Addis Ababa 8:30 na dare a lokacin can, 6:30 na Daura, awa 24 da rabi. A Bole na'urar ta tsaya a 92. Mai tura keke ya kai su har ƙofar jirgi na biyu, suka haɗa magariba da isha'i a can.

Jirgi na biyu ya tashi 11:30 na Habasha, ya yi awa shida da rabi. Wajen ƙarshe na'urar ta sauka 89, aka sa masa oksijin na kusan awa ɗaya, ta koma 94. Suka dira filin jirgin Indira Gandhi 8:30 na safiyar Alhamis, huɗu na asuba a agogon Alhaji, awa 34. Abin da tikiti ya nuna kamar awa 19 ne, a zahiri 14 da rabi ne, 11 da rabi a sama, uku a jira.

Jami'an shige da fice, kaya, da cunkoson hanya suka ci awa uku. A asibiti aka ce duk da takardun da aka turo sai sun maimaita gwajin jini da kansu kafin su ɗora shi a injinsu, wannan ya ƙara awa biyu a kan awa 40 da muka rubuta. Ƙarfe 4:30 na yamman Delhi, sha biyu na rana a Daura, aka soka masa allura. Awa 42. Lita ɗaya da rabi aka cire.

Sakamako

An yi dashen bayan mako uku da 'yan kwanaki. Ƙodar ta kama aiki, ƙanensa ya warware. Sun dawo a Yuni ta hanyar da suka bi. Yanzu inji ya fita daga lissafi, abin da ya maye gurbinsa shi ne maganin hana jiki ƙin ƙodar, wanda ake sha duk awa goma sha biyu, kuma likitocin can suka tsara masa yadda zai matsar da lokacin sha kaɗan-kaɗan har ya daidaita da agogon gida.

Abin da na gani a lamarin

Amsar da na ba yaron a Disamba gaskiya ce, kilomita 7,300 ɗin suna nan, amma ta kusa kashe maƙwabcina, kuma ina ɗaukar rabona na wannan. Ya tambaye ni nisan filin jirgi da filin jirgi, na amsa masa, ban tambaye shi yaushe za a sauke mahaifinsa daga inji ba. A tafiyar da ta yi nasara zaman sama bai kai kashi uku cikin goma na lokacin ba. Sauran awa 30 da rabi a ƙasa suka tafi: kwanan Kano, layi, jira, kaya, gwaji.

Mutanen unguwa hazo suke ɗora wa laifin Janairu. Ban yarda ba. Tsarin ya lalace tun ranar da aka saye shi, domin ya cinye awa 49 da rabi kafin ma jirgin waje ya tashi daga Legas, kuma ba inji a ƙarshensa. Hazon, bisa ga lissafin da na nuna, shi ya sa numfashin ya sarƙe a garin da ke da asibiti maimakon bisa teku. Tikiti biyu a lokacin hunturu kuwa, da rata ta dare ɗaya, araha ce da ta ƙare a asara.

Cikin gyare-gyaren Maris, wanda ya fi kowanne amfani shi ne mayar da wankin ƙarshe Kano yammacin jajibirin tashi. Shi kaɗai ya rage awa 30 daga jiran kafin tashi, daga 49 da rabi zuwa 19 da rabi. Na biyu injin da aka ajiye a Delhi. Zaɓen hanya shi ne na uku, kuma wadda ta fi tsawo a kilomita cikin ukun ita ta kai shi da wuri.

Akwai ramin da ba mu cike ba, har yau yana damuna. Da jirgin Kano ya makara suka rasa na Delhi a Addis Ababa, kamfani zai ba su masauki da jirgin gaba, amma ba zai ba su inji ba. Jinkirin kwana ɗaya zai kai ƙirgen awa 66, saura biyu a taɓa iyakar likita, kuma duk a bisa tudun mita 2,300. Ba mu nemi cibiyar wanki ko ɗaya a Addis Ababa ba, ba mu riƙe kuɗin wanki ɗaya a gefe dominta ba. Da wani iyali daga Sandamu suka zo aron takardar tamu mai layi biyu, wannan ne layin da na fara ƙara musu kafin na miƙa.